Ranar da Mumuni Ya Ce "Lashe"

Mumuni mutumin Affala ne. Shekarar da fari ya share masa awaki tas, ya naɗe bargonsa ya shigo garin Tawa bai san kowa ba. Zakari mai wanki da guga, wani mutumin Maraɗi, shi ya tsince shi a bakin masallaci, ya ba shi gefen shagonsa ya kwana wata bakwai, shi ne kuma ya nema masa aikin gadi. Yau shekara ashirin da biyu ke nan. Mumuni bai tara komai ba: ba gida, ba gona, matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata biyu suna aure a ƙauye. In ka cire Zakari, to wallahi ba shi da kowa a garin nan. Kwano ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke tsayawa, har 'yan unguwa na tsokanarsu da cewa ranar da ɗaya ya mutu sai a haƙa rami biyu.

Gidan da yake gadi a 'yan shekarun nan na Madam Hanifa ne, wata ungozoma da aka turo aiki daga Doso. Mace ce mai kirki, sai dai in ta ƙudura abu ba a tanƙwara ta. Wata Juma'a Mumuni ya tafi masallaci, ɓarayi suka haura da rana tsaka suka kwashe batiran sola. Madam ta ce sai kare. Ba kuma karen unguwa ba, irin na Turawa da ake kira berje alma.

Aka yi mata kwatancen wani Isufu da ke kiwon karnuka a bayan gari, kan hanyar Kalfu. Ta ɗauki Mumuni suka je. Kai, wannan mutum, Allah ya yi masa baki! Ya rantse ya maya cewa uwar karen da ubansa a jirgi suka zo daga Jamus. Ya fito da karne, wato katin shaidar allura, mai hatimi uku, wai an yi masa allurar haukan kare, an kuma yi masa horo irin na soja. Mumuni bai iya karatun boko ba, amma a bayan dabba ya tashi. Ya dubi kejin ƙarfe a tsakiyar rana ba inuwa, ya dubi wuyan karen inda sarƙa ta cinye gashi, ya lura duk lokacin da Isufu ya ɗaga hannu sai karen ya lafe kunne yana wani gurnani can ƙasan maƙoshi.

Ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Madam, wanga kare ya sha kashi. Dabbar da ta sha kashi ba ta mantuwa."

Isufu ya kwashe da dariya ya ce, "Baba, wannan ba bunsuru ba ne." Madam ma ta yi murmushi, magana ta mutu a nan.

Kafin su tafi Isufu ya ja Mumuni gefe ya ce karen ba ya jin Hausa, don haka sai ya riƙe kalmomi uku na Faransanci. In kana so ya zauna, asi. In kana so ya kwanta, kushe. In ya kama wani abu kana so ya saki, lash. To, harshen Bahaushe ba ya barin kalma tsirara, sai ya rataya mata wasali a gindi. Kafin motar ta iso gida, lash ta koma lashe a bakin Mumuni. Ya yi ta maimaita su a ransa kamar mai hadda.

Bai gaya wa Zakari ko ɗaya ba. Kunya yake ji, a ce da furfurarsa ya koma dafa wa kare tuwo yana yi masa Nasaranci. Abin da ya ce masa kawai shi ne, daga yau in ya zo ya riƙa buga ƙofa. Zakari ya ce to. Amma ina! Mutumin da ya shekara huɗu yana tura ƙaramar ƙofar nan da ƙafa duk Talata, da ƙunshin guga a ka?

Talata ta uku, da hantsi, Madam tana wurin aiki. Mumuni na tsugune a gindin famfo yana wanke kwanon karen sai ya ji ƙarar ƙofa, ya ji sallamar Zakari. Bai ji karen ya yi haushi ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Sarƙa kawai ya ji ta miƙe, ƙarfen da ke wuyan karen ya ce ƙas.

Ko da ya juyo, Zakari na ƙasa, fararen kayan Madam sun watse cikin turɓaya, karen ya danne masa ƙirji ya cafke hannunsa na dama, hannun guga, yana girgiza kai. Ihun da Zakari ya yi, Mumuni bai taɓa sanin namiji na iya yin irinsa ba. Nan da nan unguwa ta taso. Mata suka leƙo ta kan katanga suna salati, maza suka cika bakin ƙofa, ba wanda ya iya sako ƙafa ciki.

Mumuni ya tsaya a kansu, ya tattaro duk ƙarfin muryarsa.

"Lashe! Lashe! Lashe shi na ce!"

Wata mata a kan katanga ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Kun ji mi yac ce?" Zakari, daga ƙarƙashin karen, ya ɗago ido ya dubi Mumuni. Shi kuwa Mumuni bai gane ba, gani yake bai faɗa da ƙarfi ba ne, sai ya ƙara. Karen ko gezau. Ashe bai taɓa jin kalmar ba tun da aka haife shi. Horon da Isufu ya yi masa, Allah wadaransa, bulala ce da yunwa.

Da Mumuni ya ga jini ya jiƙa ƙasa, sai ya rarumi taɓarya ya cusa ta gefen bakin karen ya danna da gwiwa. Karen ya saki Zakari ya kama shi a tsintsiyar hannu. A nan ne maza suka yi ta maza, suka jefa wa karen tabarma suka danne, aka ɗaure. Aka kwashi Zakari a mota, Mumuni kuma aka goya shi a babur.

Likitan dabbobi ya duba karnen nan ya ce hatiman duk na ƙarya ne, karen kuma ruwa biyu ne da na farauta. Aka kira wayar Isufu, a kashe. Aka je bayan gari, kejin wayam. Zakari da Mumuni sai da suka sha allurai, Madam ta yi kuka ta ɗauki nauyin komai. Hannun Zakari bai guntule ba, amma yatsu biyu sun daina lanƙwashewa.

Duk wannan bai hana Mumuni barci ba kamar abin da ya tarar a unguwa. Baki shi ke yanka wuya. Mutum talatin sun ji da kunnensu, mai gadi ya ce wa kare ya lashe amininsa. Mai shayi ya riƙa miƙo masa kofi yana kallon wani wuri. A masallaci aka fara barin 'yar tazara a gefensa. Ya yi bayani har bakinsa ya bushe, masu lakwal, wato 'yan boko, suka gane suka yi dariya, sauran suka ce ai dama mai laifi ba ya rasa ta cewa. Zakari kuwa da aka sallamo shi, ko aike bai yi ba. Sau biyu Mumuni na zuwa, matar Zakari, Saratu, na cewa yana barci.

Rana ta tara ya roƙi Mushe Nasiru, malamin boko da ke haya a maƙwabta (a nan Mushe ake ce wa malamin boko), ya raka shi. Suka sami Zakari a zaure kan tabarma, hannu rataye a wuya. Mushe ya zauna ya warware komai dalla-dalla, har ya rubuta kalmar a ƙasa da yatsa, ya ce a Faransanci ma'anarta saki. Zakari ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

Ya ce, "Na yarda, Mushe. Na san ba za ka yi mini ƙarya ba. Amma ni da Hausa na ji ta."

Sa'an nan ya juyo wurin Mumuni, wanda ke tsaye a bakin zaure da nasa hannun a naɗe.

"Kai da ka san ni ne cikin bakinai, kana gani kare bai jin ka. To ni fa? Ni ai ina jin ka. Ko sau guda ba ka iya cewa saki, in ji in san kana tare da ni?"

Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemun Mumuni, bai share ba.

Can Zakari ya kira Saratu ya ce ta kawo wa baƙi ruwa.

Baƙi ya ce.