Ƙaurin Mai Jego

Shekara uku a jere damina na yi mana gardama, gyaɗa ta ƙi, geron ma ba ya kai mu bazara. A cikin wannan halin 'yata ta fari ta zo goyon ciki ƙauyenmu, gabas da Makoɗa, ta haifi ɗa namiji. Ƙanwata ce ya kamata ta yi mata wankan jego, to ta rasu da kaka, aikin ya faɗo kaina. Ga kunyar 'yar fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama mun yi hira ba, komai sai da ido da gyaran murya.

Lokacin na haura hamsin. Al'ada ta ɗauke mini, amma kafin ta tafi sai da ta kwashe jinin jikina kaf. In na sunkuya jiri, in na ɗauki tulu haki, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohon ƙyaure. Har ƙasar jikin katanga nake ɓantara ina tsotsa in ba kowa.

Kwana huɗu da haihuwa mijinta ya aiko da ƙauri, ƙafafun saniya huɗu, ban san abin da ya sayar ya saye su ba. Ni na babbake, ni na kankare, ni na dafa da yaji har ƙashin ya saki. Na zuba mata a kwano, na koma bakin murhu da tuwon dawa da miyar kuka tsura. Ina jin ta tana tsotsar ɓargo. Wallahi kishi na ji, kishin 'yar da na haifa. Na haifi tara, na shayar da tara, ashe gatan mace iyakarsa kwana arba'in, in ta daina haihuwa kuma sai ta ci abin da ya rage.

Da muka kai jaririn asibitin Ɗanbatta, malamar asibiti ta ba 'yata jajayen ƙwayoyin ƙarin jini. Na daure na ce, "Malama, mu tsofaffi fa?"

Ta ja fatar idona ta duba, ta girgiza kai. "Inna, jininki ya yi ƙasa sosai. Waɗannan na masu ciki da masu jego ne, a ƙirge suke. Mace in ta kai shekarunki jini da ƙashi ne ke fara gajiya. Ki riƙa cin hanta da wake, ki sha nono, ki yawaita zogale."

Hanta! A shekarar da akuyar gidan ma kwali take ci. Zogalen bayan ɗaki kuwa tuni mun tsige shi ya zama sanda. Na ce mata na gode.

Abin da nake tsoro ɗaya ne. Uwar mijin yarinyar mace ce mai ƙiba da baki, tun ranar suna take cewa in wankan ya fi ƙarfina ta ɗauke su ta ƙarasa a gidanta. A garinmu, a ɗauke mai jego daga ɗakin uwarta kafin arba'in, wannan gori ne da za a yi wa jikoki. Don haka nake tashi da asuba, in hura kara, in tafasa ruwa da ganyen darbejiya, in kinkimi tukunyar zuwa makewayi, safe da yamma. In yarinyar ta juya baya kuma in saci ƙwaya ɗaya daga ƙarƙashin matashinta, in haɗiye ba ruwa, ina jin haushinta kamar ita ta yi mini laifi.

Ranar kwana ashirin da uku ƙasa ta juya da ni. Tukunyar ta kife, Allah ya tsare, ruwan ya bi rariya. Na farfaɗo na gan ni a kan tabarma, ga uwar mijin a tsaye, ashe ta zo dubiya.

Ta ce, "To, ai magana ta ƙare. Yarinya, haɗa kayanki."

'Yata ba ta taɓa musu da babba ba. Ta sunkuyar da kai ta ce wa uwar mijin, "Inna, ki yi haƙuri, a nan zan yi arba'in."

Bayan matar ta fita tana mita, yarinyar ta ɗauko kwanon naman da mijinta ya kawo ranar kasuwa, ta ajiye kusa da ƙafata. Ba ta dube ni ba. Jaririn ta ɗaga, tunda a wasanmu jika namiji mijin kakarsa ne, ta yi magana a kunnensa yadda zan ji.

"Ka ce wa matarka ta cinye duka. Ka ce mata ƙwayar ma ta daina ɓoyewa, tun ran farko muna gani."

Na juya fuskata ga bango na ci. Gishirin ya yi yawa, ni na zuba shi da safe da hannuna, cikin fushi.