Hannun Tsohon Estoniya

Kowace Asabar, a laburaren garin Greensboro, wani dogon tsoho yana zama gaban allon ches, darar Turawa. Rigar kwat ɗinsa ta girmi rabin masu kallo. An ce ɗan Estoniya ne, wai a zamaninsa manyan gwanaye sai sun yi addu'a kafin su zauna gabansa. Choji, ɗan kallo, bai san ko sunansa ba.

Yau tsohon yana daf da cin wasa. Ya miƙa hannu zai ɗauki doki, hannun ya yi rawa, ya kama sarauniya, wadda ta fi duk 'ya'yan allon ƙarfi. A dokarsu, abin da ka kama shi za ka matsar.

Abokin wasansa ya ce ba komai, ya sake ta ya ɗauki dokin.

Choji, wanda a Jos ya saba rantsuwa uku kan ɗan dara ɗaya, haƙurinsa ya ƙare, Hausa ta kuɓuce masa. "Haba Baba! An yafe maka, ɗauki dokinka mana!"

Tsohon bai ko ɗago ba. Ya tura sarauniyar inda za a cinye ta. Sannan ya ɗora hannun a cinya, ya danne shi da ɗayan.