Wuƙar da Na Cusa a Akwatin Baba

Duk ranar da iska ta kawo warin dizal da gishiri cikin lungunmu na unguwar Ruwais, sai in tuna da wata wuƙa. Ka yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Baba matuƙin ƙaramin jirgin ruwa ne a da. Shi ke ɗaukar muhandisai, wato injiniyoyi, masu auna zurfin bakin teku, ya ratsa da su tsakanin sha'ab, duwatsun nan masu kaifi da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Madogararsa busla ce, wato kamfas, cikin akwatin katako. Kullum da yamma yakan goge gilashinta da gefen rigarsa.

Ina shekara tara, cikin zafin nan da hazo ke rufe teku, Kaka, mahaifiyarsa, ta yi mugun mafarki a kansa. Ta kira ni ɗakinta mai ƙanshin turaren wuta, ta damƙa mini 'yar wuƙa a naɗe cikin tsumma.

"Ke mai siririn hannu, yalla, maza cusa wannan ƙarƙashin buslar ubanki. Aljanun ruwa ba sa son ƙarfe. Kada ki gaya masa, wa'azi zai yi mini."

Na cusa, har ina murna an sa ni aikin manya.

Bayan kwana biyu jirgin ya hau sha'ab cikin hazo, da rana tsaka. Ba a rasa rai ba, amma kayan awo sun nitse, har da akwatin. Kafili, ubangidan Baba a wurin aiki, ya ce halas, ya sallame shi. Baba ya dawo ƙafafunsa duk yanka. Kaka tana shafa masa magani tana hamdala, ta ɗago ta yi mini murmushi, a ganinta wuƙar ce ta tsare shi.

Sai a sakandare, ranar da malama ta kawo ƙusa kusa da busla, na ga allurar buslar ta karkata ta bi ƙusar. A nan na gane wuƙar da na cusa ce ta karkatar da buslar Baba. Na fita daga aji.

Kaka ta rasu ba ta sani ba. Yanzu Baba gadi yake a unguwar Aziziyya, masu jirage kuma allon na'ura suke kallo, ba allurar busla ba. Shekaranjiya muna shan shayi ya ce, "Busla ba ta ƙarya, 'yata. Idona ne ya gaza."

Na buɗe baki. In na faɗa, na wanke masa idonsa, amma na ɓata masa uwarsa da ke kabari.

Na ce, "In ƙara maka, Baba?"

Ya miƙo kofin.