Kukan Motar Kawu Ɗanlami

Duk wanda ya san Kawu Ɗanlami, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya gama gaisuwa sai ya yi maka kukan motarsa da baki. Ka ce, "Kawu, ina gajiya?" Sai ya tsuke leɓe ya ce, "Wiiiii... ƙwas! Ka ji? Haka ta yi mani yau a hanyar Kurfi." A wajen suna ya yi, a ɗaurin aure ya yi, har a zaman makoki sai da aka taɓa zungurar sa.

Motar tsohuwar bas ce 'yar otomatik, yana jigilar fasinja da ita tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Da ita yake riƙe gida, shi da matarsa Inna Hajara, wadda idonta ya daɗe da yin rauni. Kowa a tasha ya san giyabos ɗin motar, wato akwatin giyarta, ya kusa mutuwa, in kuwa ya mutu, to cin tuwon gidan ya tsaya. Kowa fa, ban da mai motar!

Tun tana sabuwar saye muka san za a sha kallo. Batir ya mutu mana a Karofi, Kawu ya tara majiya ƙarfi su tura.

"Kawu, otomatik ba ta tashi da turi," in ji ni.

"Kai, tun kana goye nike tuƙi. Ku tura!"

Aka tura har bayan gari, mutane suna haki, mota ko tari ba ta yi ba. Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "Ashe mutanen Karofi ba su cin tuwo."

Da kukan ya tsananta, muka matsa masa ya je wajen Malam Habu makanike. Ya je ɗin, amma a kan acaɓa! Ya tsaya tsakiyar gareji ya tsuke leɓe ya rera.

"Alhaji, ina motar?" in ji Habu.

"Ba ga kukan na kawo maka ba? Mi za ka yi da mota?"

Da ƙyar na lallaɓa shi muka kai ta. Habu ya taka totur, kukan ya hau sama. Ya sa ribas, sai ƙwas! Ya zaro sandar gwada mai ya shinshina, ya ce man giyabos ja ya kamata ya kasance, wannan kuwa ya yi baƙi, yana ƙauri, ga shi ya yi ƙasa, matatar ma da alama ta toshe.

"Yo shekara nawa tana yawo cikin rana, ka ce kar ta yi baƙi?" in ji Kawu. "Kai ma ai da ja ne, Habu."

Garejin ya kaure da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. A hanya na ce, "Kawu, mai da matata kawai za a canja, tun kafin ta kwanta gaba ɗaya."

"In an canja, kukan zai tahi?"

"Ƙwarai kuwa."

"To a bar ta." Iyakar abin da ya yarda da shi, a riƙa ƙara mai in ya yi ƙasa. Wallahi ban taɓa ganin taurin kai irin wannan ba.

Da Allah Ya yi masa rasuwa, tuƙin ya dawo hannuna, don Inna ba ta da wata madogara. Ranar farko na miƙa wa Habu motar. Ya canja mai da matata, ya ce sa'a muka ci, da an ƙara jinkiri sai dai sabon giyabos. Mota ta yi tsit. Da la'asar na tsaya a ƙofar gida ina ji da kaina, na yi sallama. Inna ta zabura.

"A ƙasa ka taho?"

"Da motar, Inna. An gyara ta."

Ta koma ta zauna. Can ta ce, "Ni tun daga kwanar masallaci nike jin ta. In na ji, in ɗora mai ruwa, in shimfiɗa tabarma. Da idona ya tafi, shi ya ce mani, 'Ki daina tsayuwa bakin zaure, Hajara. Za ki ji ni.'"

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Yanzu kullum in na dawo, kafin in yi sallama sai in tsuke leɓe a zaure in ce, "Wiiiii... ƙwas!" Inna ta yi dariya daga ciki ta ce, "Ba ka iya ba, amma shigo."

Allah Ya jiƙan Kawu Ɗanlami, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya sa can ma an ji tahowarsa tun daga nesa, an shimfiɗa masa tabarma. Amin.