Mai Amsa wa Ruwa Sallama

A ƙauyenmu, can bayan Sandamu, akwai tafkin da Baba ke kamun kifi. Wata shekara ruwan sama ya ɗauke da wuri, tafkin ya ƙafe tun sanyi bai wuce ba. Abin da ya rage sai gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a taɓo har damina ta dawo. Tun kakanni ba a tono ta, don ita ce irin tafki. Amma a shekarar nan maza suka fara fita da fartanya.

Bayan sallar isha'i muka kewaye Iya, mahaifiyar Baba, a bakin murhu. Baba na gefe yana wasa fartanyarsa a dutse, gobe zai bi sahu. Ni dai na san Iya. In ta gyara zama haka, akwai wanda zai sha magana.

"Ga ta nan," in ji ta, "kuma ba yara kaɗai na kawo wa ba."

Ta ce wai da ruwa zai yi tafiya, ya bar wa gaiwa amanar gidansa, in ya dawo ita za ta amsa masa sallama. Sai wani mutum ya bi taɓo ya tone su kaf, ya ci ya ƙoshi. Damina ta faɗi, ruwa ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Sai ya juya neman inda za a amsa masa. Mutumin ya saɓa komarsa ya bi bayansa, har yau bai ga gida ba.

Ƙarar dutsen ta tsaya.

"Iya, rumbu ba komai. Me zan ba yaran nan?" in ji Baba.

"Ban hana ka ba, ɗan nan. Ka dai bar wa ruwa mai amsa sallama."

Baba ya tono wasu ya bar wasu, sauran maza ba su bar ko ɗaya ba. Gaiwar da ya kawo kuwa har Iya ta ci. Ba a jima ba ya ɗauki komarsa ya nufi Tafkin Cadi, ya tarar can ma ruwa na ja da baya, kifi na ƙaura. Can ya rasu, can aka binne shi.

Na daɗe ina ɗauka Iya faɗa take masa. Sai da na haihu na gane tsoro take ji, kada ɗanta ya tafi. Bara na kai 'yata bakin tafkin, ya cika taf. Na tsinci kaina ina kasa kunne, amma kwaɗi kawai nake ji.