Gasayar Gwaggo Hasiya

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Yau wani ya tambaye ni abin da ya lanƙwashe mini yatsu biyu, na ga gara in faɗa wa kowa lokaci guda.

Ni tela ne a Gazawa. Shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki, ɗinki ya yi mana yawa, kowace jam'iyya da atamfarta. A tsakiyar wannan kakar hannuwana suka fara kumbura. Da safe ko maɓallin riga ba na iya sawa.

Na yi ta haɗiyar ƙwayoyin 'yan tebur har cikina ya fara ƙuna. Daga likitar Gazawa, wato asibitinmu, aka tura ni Maradi: ɗibar jini, hoton ƙashi, layin farmasi, kuɗin mota. Keken ɗinkina ɗaya ya tafi a nan. Tsoro ya kama ni sosai, don tela ba shi da gona sai hannunsa.

Likita ya ce ciwon gaɓoɓi ne mai kumburi. Ya rubuta magani, ya tambayi abin da nake ci. Na lissafa da alfahari: tsire, soyayyar kaza, lemon kwalba. Haka muke karrama majinyaci, kowa ya zo dubiya da ledarsa.

Ya ce, "Ganye fa? Kamar gasaya da zogala? Ba su maye gurbin magani, amma akwai abin da ke rage kumburi a cikinsu."

Ni da matata muka kalli juna. Dama Gwaggona Hasiya ta taso tun daga Sae Sabuwa da buhun busasshiyar gasaya, muka tura shi bayan randa kada 'yan dubiya su ce mun talauce. A wurinmu gasaya abincin shekarar yunwa ce.

Da Gwaggo ta ji, ta yi dariya. "To, tunda mai lakol, ɗan boko, ya hwaɗi, yanzu ka ci ko? Ɗacin ba ya kashe ka, ɗan nan."

Ta zauna wurinmu, kullum tana dafa ta, ta kwaɗanta da ƙuli. Ina ci ina yamutsa fuska, maganina kuma ban fasa ba. Ban san rabon kowanne ba a saukin da na samu. Kumburin dai ya riƙa sauka a hankali, sai dai yatsu biyun nan sun riga sun lanƙwashe.

Shawarata: ku je likita da wuri, ku bar ƙwayar tebur, in za ku dubiya ku haɗa da ganye.

Na gode wa Allah, da matata, da likitan nan. Gwaggo na yi wa alkawarin ita zan fara ɗinka wa kaya in na warke. Ta rasu makon da na soma riƙe almakashi, ni na yanka likkafaninta. Ku sa ta a addu'a.