Ranar da Na Ƙi Kunun Kanwa

Haihuwata ta fari gida na koma wanka, kamar yadda aka saba. Mijina ya ɗauko ni daga Mando ya kai ni Rafin Guza, ya damƙa ni a hannun Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda duk mai jegon da aka yi a danginmu ita ta wanke ta. Abu biyu Gwaggo ba ta wasa da su: ruwan da zai sa fata ta yi jawur, da kunun kanwa mai kauri safe da yamma.

Bayan suna ƙafafuna suka fara kumbura. In na kwanta sai numfashi ya tokare mini a wuya, dole in jingina da bango. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ni, ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu. Ni kuwa na san wannan kumburin. Na gan shi a ƙafar Yayata, wadda ta rasu ba ta cika arba'in ba, aka ce sanyin jego ne.

Ban yi shawara da kowa ba, na kira mijina ya kai ni asibiti. Likitar ta ɗora mini wata na'ura a ƙirji, ta nuna mini zuciyata a allo, tana motsi da ƙyar kamar tsohuwa a bakin turmi. Ta ce an daɗe ana bincike a kan wannan ciwo na masu jego a Zariya da Kano, har yanzu ana gwada magunguna, ba a gama gano tushensa ba.

"Ba zan ɗora wa wanka laifin da ban tabbatar ba," in ji ta. "Amma kanwa da gishiri tafiyarsu ɗaya, ruwa suke tarawa a jiki. Zuciyarki ba za ta ɗauka ba."

Na dawo da ƙwayoyi da tsoro fal cikina. Ba likita nake tsoro ba, Gwaggo nake tsoro.

Da la'asar mata sun cika tsakar gida, sun zo duba ni, sai ga Gwaggo da kunu a kwanon sha yana tururi. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, an hana ni."

"Wa ya hana ki? Likita, yarinyar da aka haifa jiya? Mu da shi muka tashi. Uwarki ta sha, ni na sha. Karɓi nan."

Na naɗe hannuna a ƙirji. Wata maƙwabciya ta ce boko ne ke ɗibata, wata ta ce nono zai ƙafe. Na ce ya ƙafe ɗin, akwai madara a kanti, amma ban taɓa jin kantin da ake sayar da uwa ba. Na san rashin kunya ce, kuma har yau ban yi nadama ba.

Gwaggo ta kawo kwanon har bakina. "Yayarki ba ta taɓa yi mini musu ba. Tas take shanyewa."

"Na sani," na ce. "Ina zaune a gefenta."

Inna, mahaifiyata, tana bakin ƙofar ɗaki da jaririyata a cinya. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban Gwaggo ba, ko ido ba ta haɗawa da ita. Ta miƙa wa maƙwabciya jaririyar, ta taso, ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta sa hannu biyu ta karɓi kwanon. Na ɗauka ita ma lallashina za ta yi, har ƙwalla ta cika mini ido.

Sai ta wuce bakin rariya ta tuttular da kunun, ta ɗauraye kwanon, ta kife shi.

"Yaya," ta ce wa Gwaggo a hankali, "'ya ɗaya ta rage mini."